Ina Iyakar Maƙwabtaka?

Mutanen da ke zaune a bakin madatsar Mairuwa, kusa da Funtuwa, katanga ce kaɗai ke raba gidajensu. Masunci da mai lambu ruwa guda ke ciyar da su. To, wane ne maƙwabcin mutum? Waɗansu sun ce wanda suka haɗa katanga da shi. Amma ruwa bai san katanga ba. Wanda ya haƙa masai a bakin gaɓa, ko ya wanke kwalbar maganin feshin auduga cikin ruwan, ya cuci mutanen da bai taɓa gani ba. Gulbin Sakkwato ma daga ƙasar Funtuwa ya taso. Ashe duk wanda ruwanka ke isa gare shi maƙwabcinka ne, hakkinsa kuwa yana wuyanka.