Kukan Da Ake Ji Ta Bayan Katanga

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, akwai wata tambaya wadda ta daɗe tsakanin malamai da almajiransu, watau idan gaskiya ta fito daga wurin da shari'a ba ta yaba da shi ba, shin Musulmi zai karɓe ta, ko kuwa zai zubar da ita tare da mazubinta? Wani faifan waƙoƙi da ya fito a Amurka a shekarar 1988 ya isa ya zama misali a kan wannan mas'ala.

Mai faifan wata baƙar fata ce, sunanta Tracy Chapman, wadda aka haifa a birnin Cleveland a 1964, ta kuma tashi a hannun mahaifiyarta cikin ƙuncin rayuwa. Faifan yana ɗauke da sunanta, waƙoƙi 11 ne a cikinsa, yawancinsu da kiɗan jita da ganguna irin na zamani. A watan Yuni na wannan shekarar ta rera wasu daga ciki a filin wasa na Wembley a Landan, wajen taron da aka yi don cikar Nelson Mandela shekara 70 da haihuwa, alhali yana kurkuku, aka kuma nuna taron ta talabijin a ƙasashe fiye da 60. Daga nan faifan ya bazu a duniya, aka sayar da miliyoyinsa, ya kuma jawo mata lambobin yabo na Grammy guda 3 a 1989.

Abin da ya bambanta shi da yawancin faya-fayen zamaninsa shi ne abin da ke cikinsa. Waƙar da ake kira "Fast Car" labarin wata yarinya ce da ta bar makaranta don ta kula da ubanta mashayi bayan uwarta ta fita, daga bisani ita ma ta faɗa hannun wani mashayin. Wata waƙar tana magana a kan marasa aikin yi da masu bin layin sadaka, wata a kan rikicin launin fata, wata kuma tana tambayar dalilin da ya sa jarirai ke mutuwa da yunwa alhali abinci bai ƙare a duniya ba. Amma wadda ta fi dacewa da wannan fili ita ce "Behind the Wall", wadda ta rera ba tare da kiɗa ko kaɗan ba. Maƙwabci ne yake jin kururuwar matar da mijinta ke duka ta bayan bango. 'Yan sanda ba sa zuwa da wuri, in sun zo kuma sai su ce ba sa shiga tsakanin miji da mata. Ƙarshenta motar asibiti ce ta zo.

To, a nan tambayoyi biyu ne, kuma kuskure ne a cakuɗa su. Ta farko ita ce hukuncin sauraro. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa masu tsirkiya da na busa, sun yi sauƙi a kan mandiri a wajen biki. Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan Hijira, ya halatta sauraron waƙa bisa sharuɗɗa a cikin Ihya'u, amma shi ma ya cire kayan tsirkiya da na busa, ya kuma hana sauraron mace idan ana tsoron fitina. Ibnu Hazmi na Andalus, wanda ya rasu a 456, ya saɓa musu, yana ganin hadisan hani ba su inganta ba. Saboda haka wanda ya kauce wa irin wannan faifai don tsare addininsa yana da magabata, babu kuma mai zarginsa.

Tambaya ta biyu ita ce, shin abin da mawaƙiyar ta faɗa gaskiya ne? Wannan kuwa amsar ta farko ba ta warware ta. Imam Muslim ya ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nemi wani sahabi mai suna Sharidu ya karanta masa waƙoƙin Umayya ɗan Abis Salti, ya yi ta neman ƙari har aka kai baiti 100, alhali Umayya bai musulunta ba. Haka kuma Annabi ya yaba da ƙawancen nan na Hilful Fuduli, wanda Ƙuraishawa suka ƙulla tun kafin aike a gidan Abdullahi ɗan Jud'ana don taimakon wanda aka zalunta, har ya nuna cewa da za a kira shi zuwa irinsa a cikin Musulunci da ya amsa. Ƙarshen Suratush Shu'ara'i ma, bayan ya zargi mawaƙa, ya togace muminai masu aikin ƙwarai waɗanda suka kare kansu bayan an zalunce su. Duk wannan yana nuna cewa ana auna magana da ma'aunin gaskiya, sa'an nan a auna mai maganar da mazubinta da nasu ma'aunin.

Idan aka ɗora waƙar nan ta bayan bango a kan ma'aunin shari'a, sai a tarar shari'a ta riga ta zuwa wurin da ƙarnoni masu yawa. Uzurin 'yan sandan cikin waƙar, cewa ba a shiga tsakanin miji da mata, shi ne uzurin da ake ji a unguwanni da yawa na ƙasar Hausa, inda akan ce tsakanin miji da mata sai Allah. Amma aya ta 35 ta Suratun Nisa'i ta yi umurni da a tashi mai sulhu daga dangin miji da mai sulhu daga dangin mata idan an ji tsoron ɓaraka. Abu Dawuda ya ruwaito cewa mata da yawa sun zo gidan Annabi suna ƙarar mazajensu saboda duka, ya kuwa bayyana cewa waɗannan mazaje ba su ne zaɓaɓɓun al'umma ba. A mazhabar Malikiyya mace tana da haƙƙin alƙali ya raba aurenta saboda cutarwa. Muhtasar na Halilu ya ambaci cewa alƙali yana iya zaunar da ma'auratan a tsakanin mutanen kirki don su ga wane ne mai cuta. Ibnu Asimi kuwa, a cikin Tuhfa wadda alƙalan ƙasar nan suka sani ƙwarai, ya nuna cewa cutarwa tana tabbata da shaidu, tana kuma tabbata da labarin da ya bazu a bakin jama'a. Ke nan kunnen maƙwabci yana da daraja a gaban alƙali, shirunsa kuwa yana iya tauye haƙƙin wadda aka zalunta.

Wani zai ce ai Suratul Hujurati ta hana bincike da leƙen asirin mutane. Haka ne, babu shakka. Amma wanda ya kafa kunne a jikin katanga don neman aibi daban, wanda kururuwa ta tashe shi daga barci daban. Na farko ya keta alfarmar gida. Na biyu kuwa an kawo masa amana har shimfiɗarsa, hadisin da Buhari ya ruwaito kuma ya umurce shi ya taimaki ɗan'uwansa ko shi ne azzalumi, ta hanyar riƙe hannunsa daga zalunci. Ba lalle ne ya fasa ƙofa ba. Yana iya yin sallama da ƙarfi, ko ya taso liman da mai unguwa, ko ya sanar da waliyyan matar, ko ya tsaya shaida ranar da aka neme shi.

Akwai kuma gargaɗi ga ɗaya ɓangaren, watau masu sauraro. Waƙar talauci ita ma haja ce a kasuwa. A 2023 wani mawaƙin Amurka, Luke Combs, ya sake rera "Fast Car", ta sake karɓuwa ƙwarai bayan shekara 35, abin da ke nuna cewa halin da ta siffanta bai zama baƙo ga mutanen can ba har yanzu. Mutum yana iya jin irin wannan waƙa zuciyarsa ta karye, ya share hawaye, ya ɗauka ya sauke nauyi, alhali bai ciyar da kowa ba, bai kuma ceci kowa ba. Tausayin da bai kai ga aiki ba jin daɗi ne kawai da ya yi shigar ibada.

Saboda haka wanda ya toshe kunnensa daga jita saboda tsoron Allah, sa'an nan ya toshe shi daga kukan maƙwabciyarsa, ya tsare kansa daga abin da malamai suka yi saɓani a kansa, ya faɗa cikin abin da ba su yi saɓani a kansa ba. Wanda kuma ya saurara ya yi ƙwalla ya koma barci, hujja ta ƙara tsayuwa a kansa, domin ya ji. Mala'ika Jibrilu bai gushe yana yi wa Annabi wasiyya da maƙwabci ba har Annabi ya zaci za a ba maƙwabci gado, kuma matar da ke bayan katanga tana cikin waɗanda wannan wasiyya ta shafa.

Allah Ya ba Musulmi ikon jin gaskiya da aiki da ita. Allah Shi ne Mafi sani.