Maganin Kyauta: Wa Ke Yi Wa Wani Sadaka?

Akwai wata kyakkyawar al'ada tsakanin ɗaliban likitanci: in an yi hutu sai su haɗa ayari su shiga ƙauyuka, su duba marasa lafiya, su ba da magani ba ko dala. Mu mutanen El Alasan Mairairai da kewayen Mayahi da Tasawa mun san darajar wannan. Tun 2006 gwamnatin Nijar ta ce a yi wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar magani kyauta, amma jinkirin biyan asibitoci kuɗinsu ya sha barin uwa da takarda a hannu, maganin babu. Babba kuwa sai akuya ta tafi kasuwa.

Imam Gazali, cikin Ihya'u, ya lissafa likitanci cikin farillan kifaya, har ya koka da garuruwan da kowa ke rububin fiƙihu, alhali babu likita Musulmi ko ɗaya. To, ga Jami'ar Maradi da aka kafa a 2010, tana koyar da 'ya'yanmu wannan ilimi. Madalla.

Sai dai mu tambayi kanmu: wa ke yi wa wani sadaka? Ɗalibi koyo yake yi. Tsohuwar da ta miƙa masa hannu yana laluben jijiya, ya kuskure, ya sake, ta ba shi abin da babu shi cikin littafi, kuma da jikinta ta ba shi. Ashe ba bara ta zo ba. Haƙƙinta ne a faɗa mata cewa ɗalibi ne, a nemi yardarta, kuma ƙwararren likita ya tsaya a kansa. Malaman fiƙihu sun ɗora lamuni a kan wanda ya yi magani ba da sani ba ya jawo ɓarna, kuma ba mu ga yadda ƙin karɓar kuɗi zai sauke wannan nauyi ba.

Abin da ya fi damunmu shi ne bayan motar ta juya. Hawan jini ba ya ƙarewa da ƙwayar mako biyu. Tarin fuka wata shida ake shan maganinsa, wanda ya katse kuwa cutar na iya dawo masa da taurin kai. Don haka in irin wannan ayari ya nemi harabar masallacinmu, liman da dattawa su marabce su, su ba su ruwa da inuwa, sa'an nan su roƙe su kada su tashi sai sun damƙa sunayen masu doguwar jinya ga ma'aikacin asibitin gari.