Dinyar Teku da Hukuncin Ƙyama

A gaɓar Tekun Atlantika ta ƙasar Amurka, musamman wajen jihohin Niyu Yok da Niyu Jasi, akwai wata 'yar dinya mai baƙin kai da farin zane a wuya, ana ce mata brant, wadda ke ƙyanƙyasa a ƙuryar arewacin Kanada, in sanyi ya matsa ta gangaro kudu. Maharban dā sun yabi namanta matuƙa, domin kiwonta wata doguwar ciyawa ce mai tsiro ƙarƙashin ruwan gishiri. Sai a wajen 1931 annoba ta faɗa wa ciyawar nan har ta kusa ƙarar da ita, dinyar ta ragu ainun, wadda Allah Ya yi wa sauran kwana kuwa ta koma cin gansakukar teku, tun daga nan namanta ya ɗauki ƙarnin da yakan sa mutum ya janye hannu daga akushi. 'Yar'uwarta ta Tekun Pasifik, mai yada zango a Izembek ta Alaska, ciyawarta na nan, yabonta ma na nan.

To, shin ƙarni yana fitar da nama daga cikin ɗayyibai? Mai gaggawa zai yi ƙiyasi da jallala, wato dabbar da ta saba cin ƙazanta har jikinta ya sāke, wadda fuƙaha'u suka yi saɓani a kanta, wasu suka ce a tsare ta kwanaki kafin a yanka. Amma ƙiyasin bai zauna ba, gama illar hukuncin jallala najasa ce, alhali tsiron teku mai tsarki ne. Abin da ya fi kusa shi ne ƙissar damo a ɗakin Nana Maimuna, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kame hannunsa saboda ba a san shi a ƙasar mutanensa ba, Halidu ɗan Walidu kuwa ya ci a gabansa, bai hana shi ba. Ashe ƙyamar rai daban, haramci daban.

Sai dai baƙon da aka kawo wa abinci yana da zaɓi ya bari, maharbi kuwa, da yake shi ya fitar da rai, ba shi da wannan rangwame, domin Shari'a ta hana kashe ko da ɗan tsuntsu ne don wasa. Dabarar kawar da ƙarnin ma ba ɓoyayya ba ce: a feɗe fatar, a yaye kitsen sarai, tunda nan ƙarnin ya fi taruwa, a jiƙa tsokar ƙirji cikin ruwan gishiri ko tsala ta kwana, sa'an nan a sa tafarnuwa da masoro a gasa sama-sama, don in ta daɗe bisa wuta sai ta koma ɗanɗanon hanta. Wahalar dare guda ce kurum, ragwaye ne ke ƙinta.

Saboda haka cin ta halal ne, matuƙar an ambaci sunan Allah wajen harbi, an kuma yanka wadda aka iske da rai. Wanda kuwa ya san ba zai ci ba, ba zai kuma ba mai ci ba, bai halatta ya ɗana mata bindiga ba. Wallahu a'alamu.