Ko "Yi Haƙuri" Ya Isa?

Akwai maganar da ba mu son ɗaukowa a gaban jama'a, watau maganar mutumin da ya gaji da ransa har ya nemi kashe kansa. In abin ya auku a wani gida, ko a Daura ko Zango ko Baure, sai dangi su rufe, a ce ciwo ne na farat ɗaya. Mu da maƙwabtanmu Musulmi duka mun yarda rai na Allah ne, ba mai ikon ɗauke shi sai wanda ya ba da shi. Ba na gardama da wannan. Tambayar da ta ke damuna dabam ce: kafin ranar nan ta zo, me muka ce wa mutumin? Yawancinmu kalma biyu muka ba shi muka wuce, "Yi haƙuri."

Kada wani ya ce wannan ciwon Turawa ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta mutum wajen 703,000 da suka mutu ta hannun kansu a shekarar 1 tak, watau 2019, kuma in aka gwada da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane sashen duniya. Maza da suka mutu sun fi ninki biyu na mata, ko da ya ke mata sun fi yawan gwadawa. Nauyin da ya kan danne saurayi kuwa ba shi ne ya ke danne tsoho ba. Domin haka ya kamata mu dube su ɗaya ɗaya.

Mu fara da magidanci, gama shi ne ba a kula da shi. Tun yana yaro an koya masa namiji ba ya kuka, ciki kuma ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. To, ƙasarmu ta Daura damina gajeriya ce. In ruwa ya ɗauke kafin gero ya nuna, rumbu ya kan ƙare tun da bazara, bashin taki kuwa yana nan. Ku tuna kuma lokacin da gwamnati ta rufe kan iyaka daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, yadda cinikin masu bin hanyar Mai'adua da Kongolam ya tsaya. Mutumin da ya saba ciyar da gida da dangi, in ya wayi gari ba shi da na cefane, ba yunwa ce ta fi cinsa ba, kunya ce. Ba zai gaya wa matarsa ba, don kada girmansa ya zube. A majalisa kuwa sai raha. In ka ce masa "Ina gajiya?" zai amsa "Ba gajiya," yadda al'ada ta koya mana, alhali ya yi kwana 10 barci bai ɗauke shi ba. Irin wannan in ka ce masa ya yi haƙuri, abin da ya ji shi ne, "Ci gaba da yin shiru."

Samari da 'yan mata, daga shekara 15 zuwa 29, wannan mutuwa tana cikin manyan abubuwan da su ke ɗauke su a duniya. Nasu ya kan zo da sauri: faɗuwa jarrabawa, rashin aiki bayan an gama makaranta, yarinyar da aka hana shi domin ba shi da kuɗin lefe. Shaye-shaye kuma ya kan ƙara wuta. Ba a banza gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 ba. Wanda ya bugu ba ya ganin gobe, abin da zai wuce cikin mako guda sai ya ga kamar ba shi da iyaka.

Mace fa? Ita ce aka fi yi wa huɗubar haƙuri, tun daren da aka kai ta ɗaki. In an aurar da ita ga wanda ba ta so, haƙuri. In ana dukanta, ta yi yaji zuwa gida, a komo da ita da haƙuri. In ba ta haihu ba, gori. Akwai kuma wani ciwo da likitoci suka sani sarai, wanda ya kan kama mace cikin makonnin da ke bayan haihuwa: ta yi ta kuka ba dalili, abinci ba ya shiga, ta ga kamar ba ta isa uwa ba. Mu kan ce kunyar ɗan fari ce, ko iska ce ta taɓa ta. Ciwo ne, yana kuwa da magani.

Abin da zai ba ku mamaki, a yawancin ƙasashe waɗanda suka wuce shekara 70 su ne suka fi shiga haɗarin nan in aka gwada da yawansu. 'Ya'ya sun tafi Kano da Legas, abokin zama ya rasu, ciwo ya ƙi jin magani. In ka ji tsoho yana yawan cewa ya zama kaya a kan mutane, kada ka ɗauka zancen tsufa ne kawai.

Ban ce haƙuri ba shi da kyau ba. Maganin zaman duniya ne, yadda iyayenmu suka faɗa. Amma haƙuri iri biyu ne. Akwai wanda mutum ya ke yi da taimakon 'yan'uwa, akwai kuma wanda mu ke jefa masa don mu huta da jin kukansa. Ku karanta labarin annabi Iliya cikin 1 Sarakuna sura 19. Ya gudu jeji, ya zauna a gindin itace, ya roƙa a ɗauki ransa. Mala'ikan bai tsauta masa ba. Abinci ya ba shi da ruwa har sau biyu, ya bar shi ya yi barci, sa'an nan magana ta biyo baya. Daga ƙarshe kuma aka nuna masa ba shi kaɗai ya rage ba, aka ba shi Elisha abokin aiki.

Akwai alamun da maƙwabci ya kan iya gani. Babba cikinsu ita ce in mutum ya taɓa gwadawa a dā. Sai janye jiki daga mutane, da rarraba kayansa, da bin dangi yana neman gafara alhali ba tafiya zai yi ba. In ka ga haka, ka keɓe da shi ka tambaye shi a fili, "Ɗan'uwa, ko kana tunanin kashe kanka?" Waɗansu suna tsoro wai tambayar za ta sa masa tunanin. Masana sun bincika, sun tarar ba haka ba ne. Sau da yawa sauƙi ta kan kawo. In ya amsa i, kada ka yi masa wa'azi a lokacin, kada kuma ka bar shi shi kaɗai. A kulle maganin ƙwari na gona da duk abin cutarwa nesa da shi, gama lokacin tsananin ya kan wuce, da yawa kuwa da suka tsira sun rayu shekaru masu yawa bayan haka. Addu'a ba ta hana zuwa asibiti. A kai shi asibitin Daura ko Asibitin Koyarwa na Tarayya a Katsina. Akwai kuma asibitocin ciwon tunani a Dawanau ta Kano, da Kaduna, da Kware ta Sakkwato.

Wani abin da ya ƙara wa iyalai tsoro shi ne shari'a. Dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta yanke a sashe na 231 cewa wanda ya gwada kashe kansa ana iya ɗaure shi har shekara 1. A ganina wannan ɓoyewa ya koya wa mutane, bai hana kome ba. Ƙasar Gana ta soke irin wannan doka a 2023. A watan Janairu na shekarar nan ɗin kuma Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan garin nan na Daura, ya sa hannu a sabuwar dokar kula da masu ciwon tunani, wadda ta maye gurbin tsohuwa ta 1958, ko da ya ke ba ta taɓa wancan sashe ba.