Wa Zai Ɗauki Nauyin Tsufan Ɗan Kwana-kwana?

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

'Yan'uwa, yawancinmu a wannan masallaci na Sarkin Dawaki neman halal ne ya kawo mu Jalingo, wasu daga Kano, wasu daga Katsina da Sakkwato, wasu ma daga Maraɗi. Jarinmu a shago da rumfa yake kwana. Ba mu manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano ta watan Maris na 2016 ba, ko ta kasuwar Monday ta Maiduguri ta watan Fabrairun 2023. A irin wannan rana kowa gudun wuta yake yi, ɗan kwana-kwana ne kawai yake nufarta. To idan wannan bawan Allah ya tsufa, hayaƙi ya ci masa ƙirji, wa ya kamata ya ciyar da shi? Shi da kansa, ko mu da ya tsare wa dukiya?

Dokar ƙasa ta raba nauyin gida biyu. Tun 2004 Najeriya ta koma tsarin fansho na karo-karo, aka gyara dokar a 2014. Ana cire aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashin ma'aikaci duk wata, mai ɗaukarsa aiki ya ƙara kashi 10, a zuba a asusun da ke ɗauke da sunansa, hukumar PenCom tana sa ido. 'Yan kwana-kwana na tarayya suna cikin wannan tsari, na jiha kuwa dokar jiharsu suke bi.

Masu goyon bayan tsarin suna da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce. Tanadi sunna ce ta annabawa. Annabi Yusufu, alaihis salam, shi ya ba Masarawa shawarar su ajiye hatsin shekarun yalwa don shekarun fari. Sannan mun ga yadda tsohon tsari ya kasance, lokacin da gwamnati ita kaɗai ke biya daga kasafinta: tsofaffi na kwana a layin tantancewa, bashi na taruwa, kuɗin kuma wasu na wawurewa. Ai a watan Nuwamban 2021 kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina shekara 8 kan kuɗin fansho. Abin da aka rubuta da sunanka ya fi alkawarin da ba ka san ranar cika shi ba.

Amma mu duba ta ɓangaren mai albashin. Mafi ƙarancin albashi tun 2024 naira 70,000 ne. Kashi 8 na wannan ya kama naira 5,600, kuɗin da a gidan talaka cefane ne na kwanaki. A shekarar 2024 ɗin ce kuma hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin 100, wato abin da aka ajiye masa jiya ba zai sayi abin da yake saya ba gobe. Ga kuma haɗarin aikin. Mai aikin ofis da mai shiga wuta kaso ɗaya ake cire musu, alhali ba jiki ɗaya suke kaiwa ritaya ba. A 2011 an fitar da sojoji daga tsarin, 'yan sanda ma sun daɗe suna neman a fitar da su. Ɗan kwana-kwana fa, wa ke yi masa magana?

A fahimtarmu, cire wani abu daga albashinsa ba zalunci ba ne a kan kansa. Zalunci yana farawa ne ranar da aka mayar da wannan ɗan kason hujjar cewa jama'a sun sauke nauyi. Malamai sun kawo cewa Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, sai ya ga rashin adalci ne a ci moriyar ƙuruciyarsa a yasar da shi a tsufa, ya sa aka yanka masa abinci daga baitulmali. Idan haka aka yi wa wanda haraji kawai ya biya, ina ga wanda ya ba da huhunsa da fatarsa? Kada mu zama masu cin moriyar ganga su ya da kwaurenta.

Saboda haka kaso mai tsoka a wuyan jama'a yake, ta hannun hukuma. Abin da aka cire daga albashinsa kuwa dukiyarsa ce, amana ce a hannun mai cirewa. Dokar 2014 ta ce a zuba shi a asusun cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Duk wanda ya cire bai zuba ba, ko ya karkatar da shi, haƙƙin ma'aikaci ya ci, kuma mun san Manzon Allah ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai sa a yi masa aiki ya hana lada. Dokar ta kuma wajabta inshorar rai da ba ta gaza ninki 3 na albashin shekara ba, don iyalin wanda ya rasu yana cikin aiki. Wannan gadon marayu ne. Ga mai tsoron riba kuma, tun 2021 akwai asusu na shida da ba ruwansa da kuɗin ruwa, kuma ma'aikaci na iya neman a mayar da shi can. Da yawa ba su sani ba, sai mu sanar da su.

Mu ma akwai namu. Ƙungiyoyinmu na 'yan kasuwa suna zuwa gaban hukuma kan kuɗin rumfa da haraji. To in sun je, su tambaya ko ana biyan 'yan kwana-kwana fansho da giratuti a kan kari. Kwamitin zakka ya binciko tsofaffinsu da zawarawansu da ke cikin unguwa, don mai mutunci ba ya faɗar yunwarsa. Mu kuma bar motarsu hanya a kasuwa, mu kula da wayoyin lantarki da murhun gawayi a hunturu. Rage musu shiga wuta ma wani ɓangare ne na biyan bashin.

Allah Ya tsare mu daga gobarar duniya da wutar lahira, Ya kyautata tsufanmu da nasu. Amin. Juma'a mai albarka.