Daraja Ta Uku: Shin Takarda Ce Ma'aunin Mutum?

 

Ya 'yan'uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wata magana da wani abokina ya kawo mini. Tare muka yi makarantar allo a nan zango. Ya karanta akanta a jami'a, amma ya fito da digiri mai daraja ta uku. Ya gama bautar ƙasa, ya kai takardunsa ofisoshi a Akara da Kumasi, ko sau ɗaya ba a kira shi ba. Ana haka wani ya ce masa in zai biya, za a gyara masa takardar ta koma daraja ta biyu. Sai ya ce mini: "Malam, aikin nan na iya shi. In an gyara, wa na zalunta?"

Ban yi masa wa'azi nan take ba, domin tambayar tana da nauyi. Ni ma maki nake bayarwa. Kowane zangon karatu ina duba takardun Nahawu da Sarfu, kuma na san abin da jan birona yake aunawa: abin da yaro ya iya rubutawa cikin awa biyu. Ba ya nuna mini wanda ya kwana yana jinyar uwarsa, ko wanda ya wuni yana talla a Kejetia don kuɗin makaranta. Haka kuma ba ya raba waɗannan da malalaci. Duk da haka maki ba ƙarya ba ne. Kamfanin da ya samu masu neman aiki ɗaruruwa, ya tace su da darajar digiri, bai yi zalunci ba. Kada kuma mu ɓuya bayan cewa arziki na Allah ne. Na Allah ne, amma wanda ya yi wasa da shekara huɗu ya yarda ya yi wasa.

To, wa aka zalunta in an gyara takarda? Na farko, wanda ya sha wuya ya samu darajar da guminsa, aka ture shi. Na biyu, mai kamfani da aka yaudara. Na uku shi ne mai gyaran kansa. Menene aikin akanta in ba ya rubuta lamba mutane su yarda da ita ba? Wanda ya shiga wannan sana'a da lambar ƙarya ya sayar da jarinsa tun bai buɗe shago ba, ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne.

Ku duba aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara. Maganar rubuta bashi take yi, kuma abin da ta nema ga marubuci shi ne adalci. Da Annabi Yusufu (AS) ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, abu biyu ya ambata game da kansa: tsare amana da sanin aiki. Jarrabawa tana auna na biyun, shi ma wani yanki nasa. Na farkon ba ta taɓa shi. Mu a Ghana mun ga haka da idonmu. A 2017 Babban Banki ya soke lasisin UT Bank da Capital Bank, a 2019 kuma ya soke na ƙananan kamfanonin ba da rance 347. Mutanenmu da yawa sun yi ta zarya suna neman ajiyarsu. Shin rashin masu manyan takardu ne ya kawo wannan?

Saboda haka na ce wa abokina, ƙarancin maki bashi ne, kuma ana iya biyansa. Hukumar ƙwararrun akantoci ta ƙasa, ICAG, wadda aka kafa a 1963, tana da jarrabawa mataki uku, kuma darajar digiri ba ta hana mutum zama. Wanda ya haye ta, da wuya a sake tambayarsa abin da ya samu a jami'a. Kafin nan, ya karɓi ƙaramin aiki: kashiya, mai kula da sito, mai shirya albashi, ko koyar da akanta a makaranta mai zaman kanta. Ya ƙware a Excel da QuickBooks, ya koyi cika takardun haraji na GRA.

Sannan ya waiwayi gida. Dillalan shanu a Tulaku, masu albasa da goro, masu kayan mota a Suame, 'yan susu, da yawansu suna juya kuɗi masu yawa, amma lissafin yana cikin ka ko a tsohon littafin makaranta. Ranar da maigida ya rasu sai rigima ta tashi tsakanin magada. Masallatanmu da makarantunmu ma nawa ne suke iya nuna abin da ya shiga da abin da ya fita? Ɗan kasuwa nawa ne ya san jarinsa har ya fitar da kashi biyu da rabi cikin ɗari na zakka daidai? Alhajin da zai miƙa maka littafinsa ba zai tambaye ka daraja ba. Zai tambayi unguwa ɗan wane ne kai, kuma yaya hannunka yake.

Na san wannan hanya doguwa ce, albashinta na farko kaɗan ne, ga iyaye sun zuba ido. Ban kuma yi wa abokina alƙawarin zai yi arziki ba. Abin da na tabbatar masa shi ne, maras maki yana iya ƙaro ilimi gobe, amma wanda aka kama da takardar jabu ba shi da jarrabawar da zai sake ta mayar masa da amana. Har yanzu bai gaya mini abin da ya yanke ba. Ku taya shi da addu'a.

Allah ya ba mu halal mai albarka, ya tsare mu daga cin amana.