Wanda Aka Soka Shi Ne Alƙali

A ƙasashen Turai da Amurka akwai ƙungiyoyin maza da mata da suka ɗaura aniyar raya faɗan takobi irin na kakanninsu. A ranakun aiki ma'aikata ne da ɗalibai da ƴan kasuwa. Ranar hutu kuwa sai su sanya tufafin ƙarni na 16, su rufe fuska da kwalkwalin raga, su kare maƙogwaro da abin wuya na ƙarfe ko na fata mai kauri, su ɗauki siririn dogon takobin nan da Faransawa ke kira rapière, su fita fili su yi ta kai wa juna suka. An dakushe kaifin takobin, an toshe tsininsa da roba, saboda haka ba a zubar da jini. Wanda ya hango su daga nesa zai ce manya ne suka koma wasan yara, kuma ba zan yi masa dogon musu ba. Sai dai a cikin dokokin wasan akwai guda ɗaya da ta cancanci malamai su tsaya a kanta, domin ta taɓo wata tsohuwar tambaya: shin ana iya damƙa wa mutum alƙalancin shari'ar da shi ne zai sha kaye a cikinta?

Ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin nan ita ce Society for Creative Anachronism, wadda ake taƙaitawa da SCA. An kafa ta a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a 1966, ta kuma rarraba wuraren da mabiyanta suke zuwa masarautu na wasa. A wurinta doka ita ce: idan takobi ya taɓa ka, kai ne za ka faɗa. Za ka auna sukar kamar da takobi mai kaifi aka yi ta, kana sanye da tufafin zaman gida. In a hannu ta same ka, ka daina amfani da hannun. In a ƙafa ce, ka zauna ƙasa ka ci gaba da kare kanka daga zaune. In kuwa a kai ne, ko wuya, ko ƙirji, to ka mutu, kuma da bakinka za ka sanar. Akwai masu kula da fili riƙe da sanduna, amma babban aikinsu shi ne kiyaye lafiyar ƴan wasa da ƴan kallo. Hukunci yana hannun wanda aka soka. Kada mai karatu ya ɗauka cewa babu abin da ake rasawa: a wannan ƙungiya hatta sarautar wasan ta hanyar gasa ake samunta, gasar masu sulke da sandunan gora, kuma ita ma bisa wannan doka take tafiya.

Mu da muka saba da filin kokowa za mu fi kowa ganin baƙuncin wannan tsari. A kokowa kaye a fili yake, ƙasa ce ke ba da shaida, dubban idanu na kallo, duk da haka a kan yi gardama. Wasan takobi na Olamfik kuwa ya yanke wahalar tun da daɗewa: daga wasannin Berlin na 1936 aka fara ɗaura wa masu takobin épée waya, in tsini ya taɓa jiki fitila ta kama. Na'ura ba ta da dangi a fili, ba ta jin kunyar kowa. To me zai sa mutane masu hankali, a zamanin da na'ura ta yi arha, su koma ga shaidar wanda ake tuhuma a kan kansa?

Amsar, a ganina, tana cikin tarihin takobin kansa. Shi wannan siririn takobi ba makamin fagen fama ba ne tun asali. Na yawo ne cikin birni, ƴaƴan sarauta ke rataya shi kamar yadda ake rataya kayan ado, kuma babban aikinsa shi ne fito-na-fito a kan mutunci. A ƙa'idar mutanen wancan zamani, a Italiya da Faransa, babu cin fuskar da ya kai a ce wa mutum ƙarya yake yi. Faransawa na kiran wannan démenti. Da zarar kalmar ta fita a gaban jama'a, magana ta ƙare, sai takobi. Wato mutum ya yarda ya kashe ko a kashe shi don kada a kira shi maƙaryaci, ko da kuwa ƙaryar ya yi. Abin da ake karewa suna ne. Gaskiyar maganar da ta haddasa rigimar ba ta dami kowa ba, domin tsinin ƙarfe bai taɓa bambance mai gaskiya da mai saurin hannu ba.

Ran 27 ga Afrilu 1578, a kasuwar dawaki ta birnin Paris, mutum shida daga cikin fadawa suka haɗu da sassafe, wasunsu ƴan gaban goshin sarki Henri na Uku. Rigimar ta mutum biyu ce, Quélus da Entraguet, sauran huɗun rakiya suka yi. Amma ƴan rakiyar ma suka zare takubba. Maugiron da Schomberg suka mutu nan take, Ribérac ya cika washegari, Quélus ya yi jinyar raunukansa kwana 33 sannan ya bi su. Huɗu cikin shida. Montaigne, wanda ya rayu a wannan zamani, ya soki al'adar jawo ƴan rakiya cikin faɗa, yana ganin wani nau'in tsoro ne ya haife ta, tsoron tsayawa kai kaɗai. Hukuma da coci sun yi ta hani ba a ji ba, har sai da Richelieu ya sa aka fitar da dokar 1626, aka kuma fille kan Montmorency-Bouteville ran 22 ga Yuni 1627 saboda ya take dokar da rana tsaka a dandalin Place Royale. Ko wannan bai kashe al'adar ba. Shekara goma bayan haka Corneille ya fito da Le Cid, wanda ɗalibanmu na lise suka sani, kuma duk wasan a kan mari ɗaya da jinin da ya biyo bayansa yake juyawa. Daga baya Alexandre Dumas ya zo a 1844 ya shafa wa abin zuma da labarin dakarunsa uku, har yaro ya karanta ya ji sha'awar zamanin da ake mutuwa a kan an taka wa mutum alkyabba.

Idan aka dubi wannan tarihi, sai a ga cewa ƴan wasan yau sun ɗauki tufafin da takobin, amma sun kifar da ma'anar mutuncin. Na da yana kashewa don kada a ce ya yi ƙarya. Na yau yana yarda ya faɗi matacce don kada ya yi ta. Wannan juyi shi ne abin da ya fi daraja a cikin wasan, kuma ba na jin dukan masu yinsa sun lura da shi.

Akwai kuma wani dalili da ya shafi sana'ar kanta. A faɗan gaske akwai alƙalin da ba ya karɓar toshiya, shi ne mutuwa. Tsoronta ne ya tsara duk abin da malaman takobi suka rubuta, irin su Camillo Agrippa a 1553, da Salvator Fabris a 1606, da Ridolfo Capo Ferro a 1610: yadda za ka auna tazara, yadda za ka kame takobin abokin gaba kafin ka miƙa naka, yadda za ka soka ba tare da an soke ka ba. Babbar masifar wannan makami ita ce mutuwar kasko, mutum biyu su zura wa juna tsini a lokaci guda. George Silver, wani Bature na Ingila da ya tsani siririn takobin Italiyawa, a kan wannan ya gina sukarsa a 1599, cewa sau da yawa duka biyun ne ke kwanciya. To in an cire mutuwa daga fili, me zai hana ɗan wasa ya rufe ido ya faɗa kan tsinin abokinsa, muddin nasa zai riga isa? A wasan épée babu abin da zai hana, hasali ma in fitilu biyu suka kama cikin ƙasa da ƙiftawar ido, kowa ya ci maki. Abin da a da jana'iza biyu ne ya koma riba biyu. Masu raya faɗan tarihi sun ƙi wannan, shi ya sa a gasanni da yawa ake hukunta sukar kasko, wani wurin ma a lissafa ta a matsayin faɗuwar duka biyun. Amma doka ba ta iya dasa tsoro a zuciyar wanda ya san roba ce a tsini. Dole ɗan wasan ne da kansa zai ɗauki alkawarin yin kamar ransa na kan faifai. In bai yi ba, wasan ya tashi daga koyon tarihi ya koma tsere na wa zai riga taɓa wani.

Masu shakka suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Ana ha'inci. Ƴan ƙungiyar da kansu suna da sunan da suke kiran wanda suka ba ta ratsa shi: mai fatar karkanda. Akwai kuma wanda bai yi niyyar ƙarya ba, zafin karawa ne ya hana shi jin tsinin, ko kuwa son nasara ya rarrashi fatarsa har ta daina kai rahoto. Wannan na biyun ya fi ban tsoro, don shi mai shi zai iya rantsuwa da zuciya ɗaya. Wani mai shakkar zai ƙara da cewa abin da ake kira gaskiya a nan tsoron baki ne kawai: jama'ar kaɗan ce, kowa ya san kowa, wanda ya yi suna da taurin fata zai wayi gari babu mai son karawa da shi. Ashe ke nan akwai alƙali, sai dai ba ya riƙe da usur.

Na yarda da rabin wannan magana. Kunya mai gadi ce, kuma ba na ganin aibu ga al'ummar da ta ɗauke ta aiki. Amma akwai sukar da babu idon da ya gan ta, wadda ta shiga ƙarƙashin hammata cikin ƙura, wadda shi mai sukar ma bai tabbata ta isa ba. A nan kunya ba ta da abin kamawa. Tsarin da ya dogara ga na'ura ba ya taɓa kai mutum wannan wuri, domin ya ɗauke masa nauyin tun kafin ya ji shi. Mu malamai mun san haka a ɗakin jarrabawa: muna iya ƙara masu tsaro har satar amsa ta gagara, kuma wani lokaci dole ne mu yi, amma ɗalibin da bai taɓa samun damar sata ba, ba mu san kome game da amanarsa ba, shi ma bai sani ba. Tsarin ƴan takobi ya yarda a cuce shi jefi-jefi domin ya bar wa mutum wurin da zai gwada kansa. Tsada ce, kuma wanda ya sha kaye a hannun maƙaryaci shi ke biyanta. Ban ce kowace hukuma ta ɗauki wannan hanya ba. Inda kuɗi ko makomar yaro ke kan sikeli, a kawo na'ura.

Inda al'amarin ya fi tsanani shi ne karawar runduna. A taron Pennsic, wanda aka fara a 1972 kuma ake yi a jihar Pensilbaniya, dubban mutane ke sauka a tantuna, a kuma ja dāga tsakanin ɓangarori biyu, a fili ko cikin kurmi ko a kan wata ƴar gadar wasa. A nan gwanintar mutum ɗaya ba ta cika amfani ba, sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Dabarun sanannu ne: a riƙe sahu kada ya tsage, wani ya shagaltar da takobin abokin gaba na kusa da shi ya soke shi, masu sauri su zagaya ta gefe su naɗe sahun kamar tabarma, mutum uku su taru a kan gwani ɗaya su gama da shi kafin a kawo masa ɗauki. Duk abin da fito-na-fito ke kira rashin mutunci, a nan shi ne hikima. Montaigne da ya ga haka da ya ce ga abin da yake faɗa. Amma bambancin shi ne kowa ya shigo da sanin cewa taron dangi halal ne a wannan fili, kuma babu wanda aka jawo cikin rigimar da ba tasa ba.

Sai dai runduna tana kawo wata jarrabawar da mai faɗa shi kaɗai bai san ta ba. Idan kai ne a ƙarshen sahu, faɗuwarka ƙofa ce da za ta buɗe a kan abokanka. Yanzu ƙaryar ta sami riga mai kyau: ba don kaina zan yi shiru ba, don ƴan'uwa ne. Mafi yawan ƙaryar da ke rusa ma'aikatu da ƙungiyoyi irin wannan ce, wadda ake yi da sunan rufin asirin namu, kuma mutumin da zai ji kunyar cuta don aljihunsa ya kan yi ta da sakakkiyar zuciya don jama'arsa. Wasan yana buƙatar ka ce na mutu alhali kana ganin abin da kalmar za ta jawo wa waɗanda suka dogara da kai. Su ma abokan ana gwada su, domin rundunar da ke harare ga wanda ya faɗi gaskiya ta riga ta koya masa abin da zai yi gobe.

Akwai wasu karawar da ake yarda matattu su tashi: wanda aka soka ya taka zuwa wani wuri da aka keɓe, ya taɓa, ya dawo fili. Waɗannan sun fi daɗin wasa, amma a ganina sun fi nisa da tarihi, don idan rai ya yi arha sai shugabannin runduna su riƙa zuba mutane a bakin gada kamar ana zuba hatsi a turmi. Faɗin gaskiya ma ya yi sauƙi a nan, tunda abin da za ka rasa ƴar tafiya ce.

Dokar da ta fi ba ni mamaki ita ce ta wanda aka zagayo ta baya. An hana a soki mutumin da bai san da kai ba, saboda haɗarin da ke ciki. A inda aka yarda da kisan baya, abin da za ka yi shi ne ka matso, ka ɗora ruwan takobinka a kan kafaɗarsa yadda zai gan shi, ka faɗa masa da murya mai ƙarfi, cikin ladabi, cewa ya mutu. Shi kuma, wanda bai ji zafin kome ba, wanda wataƙila yana dab da cin nasara a kan na gabansa, ba a yarda ya juyo ko ya goce ba. Zai sauke takobinsa ya fita daga fili bisa maganar mutumin da ko fuskarsa bai gani ba.